Ɗigon da Baba Labaran Ya Goge

Idan kana da hoton aure ko na fasfo da aka ɗauka a unguwar Congo-Russia ta Jos tun kafin waya ta kashe sana'ar, ɗauko shi ka duba fuskarka da kyau. In ka ga ta fi wadda Allah Ya ba ka santsi, to hannun Baba Labaran ne ya bi ta kai. Shekara arba'in da bakwai ya yi a shagon hoton Oga Ambrose yana aiki guda ɗaya, wato cire abin da mutane ba sa son gani a jikinsu: ƙuraje, tabon ƙyanda, ƙudan da ya sauka a hular ango. Ni ne na gaji kujerarsa. Sunana Sharafaddeen, kuma yadda na gaje ta ɗin ne ya hana ni sakat har na zauna rubuta wannan.

A Gada Biyu aka haife shi. Kakansa ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, ubansa ma a wankin kuza ya ƙare. Tun yana ƙarami uwarsa take zaunar da shi gaban faranti ya tsince baƙin ƙwayar kuza daga cikin yashi, a can ya samo idon da ya ci abinci da shi har tsufa. Yana da shekara goma sha tara ya shiga shagon Oga Ambrose ɗaukar hoton fasfo, yana neman aikin dako a tashar jirgin ƙasa. Kafin layi ya zo kansa ya ƙare wa hotunan da ke bango kallo, sai ya ce wa mai shagon akwai datti a cikin na'urarsa, domin kowane hoto yana da ɗan ɗigo a kusurwa ɗaya. Oga Ambrose ya kwance na'urar ya tarar da ƙwayar ƙura. Labaran bai je tashar jirgin ba.

A lokacin Hausar Oga Ambrose ba ta wuce ta ciniki ba, shi kuwa Labaran ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Sai suka ƙirƙiro wata ƙa'ida da ba ta buƙatar baki. A wanke hoton gwaji, a miƙa wa mutumin da ke cikin hoton jan biro, duk abin da ba ya so ya zagaye shi. Labaran ya ɗauka ya shiga ciki da ɗan siririn burushinsa da gilashin ƙara girma, ya fito babu abin, babu alamarsa. Ba tambaya, ba jin kunya. Matar da ba za ta iya cewa a cire mata gashin haɓa ba, sai ta zagaye ta kau da kai. Har Oga Ambrose ya iya Hausa ya fi ni, har kwamfuta ta zo ta kori ɗakin wankin hoto, ƙa'idar nan ba ta motsa ba. A shagonmu jan zagaye ma'anarsa ɗaya ce: a cire.

Kada wani ya zaci waliyyi nake ba da labari. Baba Labaran yana da baki kamar reza, kuma ya san ya iya. Da kwamfuta ta zo yana da shekara hamsin da 'yan kai, kowa ya ce tasa ta ƙare. Ya zauna wata shida yana fama da maus kamar mai kama ɓera, har ya ƙware a abu ɗaya tak, gogewa, ya fi duk wani mai takardar shaida. Ni da na shigo da difloma ta, shekara goma sha biyu na yi yana kirana "ɗan kwamfuta" a gaban mutane. Sai in gama aiki, mai hoton ya yaba, ya miƙa hannu zai karɓa, sai ka ji muryar Baba daga baya:

"Tsaya. Sharafa, wannan amarya ce ko tulun da aka shafa wa mai? Ina ramin hancinta? Kawo nan."

Abin haushin shi ne kullum yana da gaskiya. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Na kuma koyi duk abin da na iya a wurinsa.

Oga Ambrose ya rasu, shago ya koma hannun ɗansa Chima. Kafin Oga ya cika ya bar wasiyya a gaban iyalinsa cewa muddin shagon yana buɗe, kada a taɓa kujerar Labaran. Chima ya riƙe wasiyyar kamar yadda ake riƙe garwashi. Aikin hoto ya ja baya, muka koma buga bana, wato ƙaton allon talla na leda, da fosta da kalandar coci, kuma wata rana yana kulle shago ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Sharafa, shagon nan ba zai iya ɗaukan mutum biyu a kwamfuta ɗaya ba. Ka fara dubawa." Ɗayanmu zai tafi ke nan, kuma ɗayan yana da wasiyyar mamaci a bayansa. Ni 'ya'ya uku gare ni a baya.

Ana cikin haka aikin Adaora ya zo.

Adaora ƙanwar Chima ce, autar Oga Ambrose. A kafaɗar Baba Labaran ta girma. Shi ya gyara hoton baftismarta, shi yake saya mata tsire a unguwar Abatuwa duk ranar da ta zo ta ɗaya a aji, kuma kullum ta ɗaya take zuwa. Tana digiri na biyu a jami'a, ɓangaren ilimin taurari. Baba yana gaya wa kowa a masallaci cewa 'yar Oga tana karatun sama, ko da yake bai san abin da ake karantawa a can ɗin ba.

Wata ranar Talata da azahar ta shigo a guje, Baba ya tafi salla. Ta buɗe kwamfutarta a gabana. Hoto ne baƙi wuluk, an watsa masa ɗige-ɗige, wasu farare, wasu kamar ƙwayar shinkafa, wasu a murɗe. Ta ce na'urar hangen nesa ce ta ɗauko shi, wadda aka harba sama can nesa da duniya inda babu gajimare ko hayaƙi, kuma masu ita suna sakin hotunan ga duk ɗalibin da ya iya aiki da su. Kusan duk ɗigon da nake gani, in ji ta, ba tauraro ɗaya ba ne, gari guda ne na taurari, miliyoyi a dunƙule. Sannan ta kai yatsa kusurwar hagu, inda aka yi jan zagaye. A tsakiyarsa akwai wani ɗan jan ɗigo, bai kai kan allura ba.

"Ka ga wannan? Shekara biyu ina kan shi," ta ce. "Hasken shi ya yi shekara biliyan goma sha uku a hanya kafin ya iso. Lokacin da ya taso, ko rana ba a yi ba."

Na ce, "Wannan ɗan abin?"

"Wannan ɗan abin. Jibi akwai taro, baƙi za su zo daga waje, za su ɗauki ɗalibi ɗaya ya je ya yi digiri na uku. Kowa zai kafa fostan shi a bango. Abeg, don Allah Sharafa, ka buga shi yadda yake. Kar wani ya taɓa komai. Ka gaya wa Baba, ka san shi da hannu."

Na ce zan gaya masa. Ta zuba mini fostar a kwamfutar shago ta fita.

Baba ya dawo yana karkaɗe carbi, ya tarar da hoton a buɗe. Ya gyara tabarau ya sunkuya.

"Wannan fa?"

"Aikin Ada ne. Jibi za ta nuna wa Turawa."

Idonsa ya tafi kai tsaye kusurwar hagu, kamar yadda ya saba shekara arba'in da bakwai. "Ta zagaye," ya ce.

Maganar tana bakina. Kalma biyar ce: ta ce kar a taɓa. Ba zan ce Shaiɗan ne ba, ba zan ce mantuwa ba ce. Na ga abin da zai faru tun daga farkonsa har ƙarshensa, sarai kamar an buga mini shi a jikin bana, sai na tashi na ba shi kujera. Na ce zan je in ci abinci.

Na daɗe a wurin mai tuwo. Da na dawo la'asar ta yi, Baba yana zaune gumi a goshinsa, fuskarsa fes da murna. Ya cire ɗigon da aka zagaye, ya cire zagayen. Da ya ga akwai 'yan'uwansa jajaye-jajaye a warwatse, sai ya ce ai 'yar Oga ba za ta je gaban baƙi da datti ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi aiki ya yi kyau. Ko da gilashin ƙara girma ba ka gane an taɓa wurin.

"Ɗari da arba'in da uku," ya ce mini. "Na'urar Turawan nan tana buƙatar a kwance ta a share. Kai da ka bar su duka."

Na buga fostar, na naɗe ta da hannuna, na zura a bututun kwali, na liƙe bakin da salatif har ninki uku. Chima ya kai ta jami'a, ya ba masu kafawa.

Ranar Alhamis mu ne aka ba aikin ɗaukar hoton taron, saboda haka ina wurin da kyamara a wuya. Baba bai da aikin yi a can, amma ya sa babbar rigarsa ta Salla, ruwan toka mai aska biyu, ya biyo mu. Fostoci wajen talatin a jere a baranda. Ɗalibai suna cikin zaure tun safe suna sauraron jawabi, sai wajen sha ɗaya aka fito gaba ɗaya, kowa ya ruga ya tsaya gaban tasa. Shugabar baƙin wata farfesa ce daga Afirka ta Kudu, tsohuwa mai furfura, tana tafe malamai suna biye. Ta uku da ta tsaya a kai ita ce ta Adaora.

Adaora ta fara bayani da Turanci, murya a tsaye, idonta a kan baƙin. Ta juya ta ɗaga hannu zuwa kusurwar hagu, sai hannun ya tsaya a iska. Babu komai a wurin sai baƙi. Ta matsa ta sa yatsa tana lalube kamar mai neman allura a tabarma. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Rubutun da ke gindin hoton yana cewa a dubi abin da ke cikin jan zagaye, ga shi babu zagaye, babu abin.

Farfesar ta tambaya ko an taɓa hoton ne.

Da Baba ya yi shiru, da ƙila an ce injin bugawa ne. Amma ya ga ana nuna wurin aikinsa, ya ga tsohuwar ta sunkuya tana dubawa, sai ya zaci yabo ne ya zo. Ya ratso mutane yana gyara hannun riga, ya ɗora tafinsa a ƙirji.

"Ni ne nan," ya ce da ƙarfi. "A gaya mata ni na gyara. Datti ɗari da arba'in da uku na cire. In tana so ta kawo sauran hotunan nasu, duk in share musu."

Wani malami ya fassara, tun kafin ya kai ƙarshe dariya ta ƙwace masa. Baranda ta ɗauka. Ɗalibai suka ɗaga wayoyi. Baba ma ya yi murmushi yana gyaɗa kai, yana duban kowa, bai gane ba tukuna. Ni kuwa na ɗaga kyamara na ɗauka, tunda aikin da ya kawo ni ke nan.

Farfesar ba ta yi dariya ba. Ta ce a wannan fanni hoto shi ne shaida, kuma mai bincike ba ya kafa shaidar da bai duba ba. Adaora ta durƙusa tana kiciniyar ciro kwamfuta daga jaka don ta nuna na asali, kwamfutar tana ɗaukar lokacinta kafin ta tashi. Tsohuwar ta jira kaɗan, ta dubi agogo, ta ce ta aiko mata daga baya. Akwai fostoci ashirin da bakwai a gaba. Da yamma aka sanar da sunan wani ɗalibi daga wata jami'ar.

Da mutane suka matsa gaba, Adaora ta miƙe ta fuskanci Baba. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Baba, ka san abin da ka goge? Shekara biliyan goma sha uku yana zuwa. Ba abin da ya tare shi a hanya, ba komai, sai kai. Wa ya aike ka? Wa ya roƙe ka?"

"Ada, ai kin zagaye," ya ce a hankali.

"Na zagaye don a gani!"

A duk rayuwarsa bai taɓa jin an zagaye abu don a gan shi ba.

Washegari a shago aka yi zaman. Chima yana tsaye, Adaora a bakin ƙofa idonta a kumbure, Baba a kujerarsa. Ta dube ni ta ce, "Sharafa, na ce ka gaya mishi. Ka gaya mishi?"

Na ce, "Na gaya masa."

Baba ya juyo ya dube ni. Idon nan da yake ganin ƙwayar ƙura a cikin na'ura, ya daɗe a kaina. Na jira ya ƙaryata ni, na ma shirya rantsuwar da zan yi. Sai ya ce, "To. Ƙila kunnena ne." Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauki tsohon burushinsa da gilashinsa. Chima ya ce wasiyya wasiyya ce, amma mahaifinsa bai ce a bar mutum ya kashe 'yarsa ba. Ba wanda ya raka shi bakin titi.

Bidiyon ya zaga Jos kafin Juma'a ta zagayo. Aka sa masa suna Mai Share Sama. Yara a Gada Biyu suna binsa suna cewa, "Baba, rana ta yi datti, zo ka goge!" Manya ma ba su bar shi ba. Mutanen da ya rufa wa asirin fuska shekara da shekaru, su ne suke tura wa juna suna ƙyaƙyatawa. Ya daina zama a dakalin masallaci. Adaora ta aika wa farfesar hoton asali, aka amsa mata da layi biyu na fatan alheri. Yanzu tana koyar da lissafi a wata sakandare, kuma ba ta ƙara taka shagon ba. Ni kuwa na samu kujera. Tana da daɗin zama, ba zan yi ƙarya ba, kuma babu mai cewa "kawo nan" a bayana.

Bana Oga Ambrose ya cika shekara goma da rasuwa, iyalin suka shirya addu'ar tunawa a coci. Chima ya ciro tsohon hoton da ke rataye a shago tun 1984: Oga Ambrose a tsaye a ƙofar shago, Labaran a gefensa yana saurayi, ya dafa kafaɗarsa, su biyun suna dariya. Ya ce a yi babbar bana da shi. Ya ɗauki jan biro ya zagaye Labaran tun daga hula har takalmi, ya ajiye mini a tebur.

Kwana biyu na yi a kai. Na cire mutumin, na gina bango da ƙofa a inda yake. Na buga gwaji na shimfiɗa a tebur ina jiran Chima, sai inuwa ta tare ƙofa. Baba Labaran ne. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce asibitin ido ya je, ya ga hanya ta biyo da shi. Na rasa inda zan sa kaina, na ce ya shigo ya zauna, ya ce a'a.

"Tambaya ɗaya na zo yi," ya ce. "Abin nan na Ada. Yana nan a saman?"

Na ce yana nan, hoto kawai aka taɓa.

"Alhamdu lillahi. Abin ya daɗe yana damuna."

Ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan tebur. Ya san hoton, shi ya wanke shi da hannunsa. Ga na asalin a gefe da jan zagayen a jikinsa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ya zage ni, ko ya faɗi abin da mu biyu muka sani, da na ji sauƙi. Sai ya ciro gilashinsa daga aljihu ya sunkuya a kan kafaɗar Oga Ambrose.

"Ɗan kwamfuta," ya ce, "ka bar yatsuna."

Na duba. Ga su nan kuwa, kan yatsu uku a kan farar rigar Oga, kwana biyu ina kallo ban gan su ba.

"Haka za ka kai hoton Oga coci? Tashi."

Na tashi. Ya zauna a kujerar, ya jawo maus, ya matso da fuskarsa dab da gilashin kwamfutar. Ya ɗauki yatsan farko, ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku, ya mayar da zaren rigar yadda yake har da lanƙwasar guga. Bai fi minti goma ba. Ya ja baya ya duba, ya ƙara share wani wuri da ni ban ga komai ba, sannan ya miƙe yana dafa tebur.

"Yanzu ba wanda zai ce an taɓa tsayawa a wurin," ya ce.

Ya sa takalminsa ya fita. Chima da ya zo ya ga banar, ya ce tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba.